Ƙorafi Kan Wanda Ya Tokare Ƙofofin Gidana da Dutse

Daga:
Basiru Maibanda,
Unguwar Masunta, Tungar Gawo,
Ƙaramar Hukumar Ngaski, Jihar Kebbi.

Litinin, 22 ga Yuli, 2024.

Zuwa ga:
Mai Girma Dagacin Tungar Gawo,
Fadar Dagaci, Tungar Gawo.

Ranka shi daɗe,

GAME DA: BUƊE ƘOFOFIN GIDANA BA NA NAN, DA KASHE MINI KARE, DA ƘARYAR DA ANKA ƊORA WA IYALINA

An buɗe ƙofofin gidana guda biyu ba na gari, karena ya fita an kashe shi, an ce matata ce ta bar ƙofa, ni kuma na sake ta bisa wagga magana. Wanda ya buɗe ƙofofin shi ne ya yi ƙaryar, kuma shi ne Mai Unguwarmu, Malam Sulaiman Ɗangwanda.

A gafarce ni da na sa magana gaban gaisuwa. Ina gaishe da Mai Girma gaisuwa irin ta talaka ga ubangidansa, tare da fatan Allah shi ƙara lafiya da yawan rai. Ga yadda abin ya faru, ɗaya bayan ɗaya.

1. Sana'ata bandar kifi ce, kuma a bayan gidana nake yin ta. Saboda kyanwoyi da masu dogon hannu, shekara huɗu da sunka wuce na samo ɗan kwikwiyo, munka sa masa suna Barsu. Na san ba kowa ke son kare cikin gida ba, kuma ban taɓa tilasta wa kowa ya so shi ba. Ba ya shiga ɗaki, ba ya kusantar wurin salla, kwanonsa daban. Matata Lubabatu ita ta rene shi da kan kifi da ɗumame. 'Ya'yanmu mata biyu duk sun yi aure, gida ya rage daga ni sai ita, in na tafi kasuwa Barsu ne abokin zamanta. Aibinsa guda ne, ba zan ɓoye ba: tun yana ƙarami na saba ɗaukarsa a jirgi, saboda haka da ya ga ƙofa buɗe sai ya harba kamar kibiya, ba ya tsayawa sai kwata, inda jiragenmu ke ɗaure.

2. Ranar Juma'a, 6 ga Oktoba, 2023, ya fita haka, ya ture farantin wata tsohuwa mai sayar da ƙosai a bakin hanya. Na ba ta haƙuri, ta haƙura. Washegari Asabar Mai Unguwa ya tara mutane ƙarƙashin durumin ƙofar masallaci, anka yanke cewa duk ranar da anka sake ganin kare na waje ba igiya, 'yan banga su kashe shi. Ban yi gardama ba. Na ce na ji, na yarda.

3. A cikin satin nan na kira kafinta. Zaurena ƙyaure ɗaya gare shi, na waje. Na sa anka yi na biyu na langa-langa a bakin da ke shiga tsakar gida, da sakata ciki da waje. Na sa anka rubuta da jan fenti a bangon zaure cewa a rufe ɗaya kafin a buɗe ɗaya. Na kafa turke gindin darbejiya, na sa masa sarƙa. Dokar gidana ta zama haka: in an yi sallama, Lubabatu ta ɗaure Barsu tukuna, sannan ta ce a shigo. Mai Unguwa da kansa ya zo ya duba wanga aiki. Da hannunsa ya ja sakatar, ya girgiza ƙyauren, ya yi dariya ya ce ko banki iyaka ke nan. Wata bakwai cur kare bai taka waje ba sai da igiya a hannuna. A tambayi duk mai gida a layinmu.

4. Ranar Talata, 14 ga Mayu, 2024, na kai kwandunan kifi Yelwa tun da safe. Da la'asar na dawo, ban ko sauke kwando daga mota ba sai ga Mai Unguwa a tasha yana jirana. Ya ja ni gefe, ya dafa mini kafaɗa, ya ce in yi haƙuri, Barsu ya fita, ya gitta gaban wani ɗan kabu-kabu har ya faɗi ya kurje gwiwa, mutane sun taru, dole ta sa ya ba 'yan banga izini. Na ce ta ina ya fita? Ya ce ai iyalina ce ta bar ƙofofi biyu buɗe ta shiga maƙwabta hira. Ya ƙara da cewa kada in yi zafi, mata sai haƙuri.

5. Ranka shi daɗe, ina son a san ko wane ne wanga mutum a wurina, don a gane dalilin da ya sa ban bincika ba. Ni da Sulaiman jirgi ɗaya munka fara kamun kifi muna samari. Shekarar da iska ta kife da mu tsakiyar tafki, shi ya riƙe wuyan rigata har anka kawo mana ɗauki. Shi ya shige gaba wajen neman auren Lubabatu. Shi ya raɗa wa 'yata ta fari suna. In Sulaiman ya ce mini ruwa ya ƙafe a tafki, ba zan je dubawa ba. To shi ya dube ni ido cikin ido ya ce matata ce.

6. Na shiga gida da wuta a kaina. Lubabatu ta fara cewa in tsaya ta gaya mini, na ce ba abin da za ta gaya mini wanda Mai Unguwa bai gaya mini ba. Ta ce Mai Unguwar ne ma ya shigo, na ce ƙarya ta kai har ta taɓa mutumin da ya aura mini ita. Na yi mata saki ɗaya. Wanga ni na yi shi da bakina, ban ɗora wa kowa ba, kuma ni zan amsa shi gaban Allah. Washegari Laraba ta ɗauki jaka guda ta tafi Shanga gidan wanta Haruna.

7. Gaskiya ba ta fito ba sai ranar Alhamis, 11 ga Yuli. Na gamu da wani ma'aikacin duba-gari mai suna Joshua a kwata yana jiran jirgi. Ban san shi ba, shi ya gane ni. Ya yi mini jaje na kare, ya ce abin na damunsa tun ranar da sunka shiga gidana. Na ce wane gida? Nan ya gaya mini, gaban mutum uku, cewa ranar 14 ga Mayu da hantsi Mai Unguwa ne ya zaga da shi gida-gida duban magudanai da shara. Da sunka zo nawa, Mai Unguwa ya yi sallama ya ce maza za su shigo. Joshua ya ce da kunnensa ya ji muryar mace daga bayan gida tana cewa don Allah a dakata ta ɗaure kare, hannunta na cikin kifi. Mai Unguwa ya ce gidaje na da yawa, rana na yi. Ya buɗe ƙyauren waje ya tokare da dutse. Joshua ya nuna masa rubutun bango. Mai Unguwa ya ce shi ba ya shiga gidan matar aure mijinta ba ya nan a rufe ƙofa bayansa, gobe a ce an ce. Ya buɗe na ciki, shi ma ya tokare. Lubabatu da ta ji takun maza a tsakar gida, ba mayafi a jikinta, ta yi abin da kowace matar kirki za ta yi, ta faɗa ɗaki. Barsu ya bi ta tsakanin ƙafafunsu ya fita.

8. Ban ce barin ƙofa buɗe don gudun zargi laifi ne ba. Haka iyayenmu sunka koya mana, ni ma haka nake yi a gidan wani. Amma wanda ya san wagga al'ada ya san akwai wata: in mai gida ba ya nan, ana iya komawa a dawo. Magudanar gidana ba gudu za ta yi ba. In ma sauri yake, ɗaure kare bai kai tsawon alwala ba. Ya kare sunansa daga zargin da ba wanda ya yi masa, sannan da abu ya ɓaci ya ɗauki zargin ya aza wa matar da ta roƙe shi ya dakata.

9. Joshua ya ce bayan ɗan kabu-kabun ya tashi ya kakkaɓe jiki, ba wanda ya nemi a kashe kare. Mai Unguwa ne ya aika a kira 'yan banga da gaggawa. Sun iske Barsu zaune cikin jirgina a kwata, bai ciji kowa ba, bai yi wa kowa haushi ba, ni yake jira. Nan sunka buge shi da gora. Ba ni da ƙorafi kan 'yan banga, doka anka ba su. Amma wanda ya kafa dokar shi ya karya ta, kuma shi ya yi gaggawar zartar da ita kafin a tambayi wa ya buɗe ƙofa.

10. Ranar Juma'a, 12 ga Yuli, bayan an sauko masallaci na tare Sulaiman mu biyu. Bai musa ba. Cewa ya yi abin da ya wuce ya wuce, kare ne fa, kuma in na tona zancen mutuncin unguwa zan zubar. Ya ce in je in maido matata shiru, ba sai kowa ya ji ba. Ranar Lahadi, 14 ga wata, na tafi Shanga. Haruna ya bar ni zaure fiye da awa biyu kafin ya fito. Lubabatu ba ta fito ba, saƙo ta aiko: ta san ina da ikon maida ta ko ba ta so, amma ƙafarta ba za ta taka Tungar Gawo ba sai wanda ya ɓata mata suna gaban mutane ya wanke ta gaban mutane. Ta ce har a bakin rijiya mata na kiranta mai sakin ƙofa kafin ta taso. Na ce tana da gaskiya. Ba zan ja ta da ƙarfi ba, na riga na gwada mata ƙarfi sau ɗaya.

Saboda haka, cikin ladabi da biyayya, ina roƙon Mai Girma abu uku.

Na farko, a kira Malam Sulaiman Ɗangwanda, da Joshua wanda ya ce a shirye yake ya maimaita shaidarsa, a zauna ƙarƙashin durumin nan inda anka yanke wa karena hukunci, Mai Unguwa ya faɗa da bakinsa wanda ya tokare ƙofofin.

Na biyu, a tura ɗan aike daga fada zuwa ga Haruna a Shanga ya shaida masa abin da anka faɗa. Liman ya gaya mini idda na iya cika kafin tsakiyar Agusta. In ta cika, Haruna ya rantse ba zai sake karɓar goron aurena ba. Don Allah kada takardar nan ta kwana cikin aljihun wani.

Na uku, a ja kunnen masu unguwanni cewa gidan da anka sani da kare, in an ce a dakata, a dakata.

Ba na neman a biya ni kare. Ba na neman a tuɓe kowa. Sulaiman ya taɓa fid da ni daga ruwa, wannan ba zan manta ba, amma yau shi ya tura ni ciki, kuma ba ni kaɗai ba.

Abu ɗaya ya rage wanda ban sa a lamba ba. Ranar da anka kashe Barsu ba wanda ya yarda ya taɓa gawarsa. Lubabatu ce ta sa hijabi ta je kwata ta naɗe shi a buhu, ta jawo shi har gida, ta haƙa masa rami bayan banda da fartanyata. Lokacin da nake yi mata tsawa na ga tafin hannunta duk ya yi bororo ya fashe. Na gani, ban tambaya ba. Mai buɗe ƙofa yana nan sahun gaba a masallaci, ana ba shi hannu. Wadda ta ce a dakata, yau kwananta sittin da takwas a ɗakin aro a Shanga, bayan shekara ashirin da biyu a nata.

Allah shi ja zamanin Mai Girma, shi ba shi ikon tsayar da gaskiya ko kan wa ta faɗa.

Ni ne talakanka mai biyayya,

Basiru Maibanda
Unguwar Masunta, Tungar Gawo