Gwangwanin Umma

Ranar Litinin

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya gajiyar aiki, ya kuma ƙafar nan taki mai kumburi? Na san za ki yi dariya, ki ce wace irin wasiƙa ce tsakanin mutanen da bango ɗaya ya raba ɗakunansu. To kin san halin bakina, ina zuwa gabanki sai ya ɗinke.

Akwai maganar da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Umma. Yaya, fankek ɗin da nake ajiye miki duk safiyar Lahadi, yau wata bakwai, ba ni nake yi ba. Sayowa nake.

Kin tuna satina na biyu a ƙasar nan? Kin dawo daga gidan tsofaffin da kike aiki, kika zube a kujera ko takalmi ba ki cire ba, kika ce da za ki samu fankek ɗin Umma ko guda ɗaya, da gajiyar shekara biyar ta sauka. Ni kuma ba ni da abin da zan saka miki da shi na ɗauko ni da kika yi, sai kawai na ji bakina ya ce ai na iya. Alhali duk sanda Umma take suya a gida, ina kan gado da littafin soyayya, ƙamshi ne kaɗai ke tashe ni.

Washegari na gwada. Abin da ya fito daga kaskon, da silifas ɗin wanka uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Na zubar kafin ki dawo. Sai na shiga bin kantuna, ban ma san sunan abin da yarensu ba, da'ira nake zanawa a tafin hannuna ina nuna musu. A kanti na huɗu aka gane. A littattafaina, a irin wannan wurin ne wani dogon saurayi yake miƙo hannu ya ce ga abin da kike nema. Ni dai wata tsohuwa mai tabarau ce ta ja ni da hannun riga har gaban firiza.

Nasu a zagaye yake tas, kamar da ƙarfe aka yanka. Don haka kafin ki farka nake gutsure gefensa da cokali, in ɗan ƙona guda ɗaya, in barbaɗa fulawa a zanina, in bar kwano a wurin wanke-wanke. Kwalin kuma in ninke shi a jakar makaranta, in jefar a kwandon sharar tashar bas. Ranar farko kika ci kika ce, “Malama Shiru-shiru, ashe akwai abin da kika iya ban da leƙen soyayyar mutane!” Sai kika juya kina goge ido, kika ce mura ce.

Jiya kuma kika ce Lahadi mai zuwa kina da hutu, za ki tsaya kusa da ni in koya miki, mu kira Umma ta bidiyo ta gani. Tun sannan nake ta juya maganar a raina. Wannan awa ɗayan ta Lahadi ita kaɗai muke zama mu ci tare a duk sati. Tsorona kada ƙaryar ta tonu, ta tafi da ita.

Ba na jin zan iya ba ki wannan takardar. Ki huta lafiya.

Autarku


Ranar Alhamis

Yayata ta kaina,

Ina gaisuwa. Ina fatan tsohon nan mai ƙin shan magani ya ƙyale ki kin numfasa yau. Ni dai lafiya, sai gajiya. Waccan wasiƙar tana cikin littafina, a shafin da jarumar take kuka.

Kwana uku ke nan da zarar na sauko daga bas sai kicin. Yini nake a aji ina murmushi ga maganar da rabinta ban fahimta ba, in dawo in tarar da fulawa ita ma da nata yaren. Kala shida ce a kanti, na ɗauki wadda hotonta ya fi kyau.

Na kira Umma da dabara, na ce wata ƙawata ce take tambayar ma'auni. Ta ce ƙwai biyu, sukari cokali uku, fulawa gwangwani biyu, madara kuma “zuwa wurin loɓawar nan, sau biyu.” Yaya, kin ji fa. Ashe duk sirrin yana jikin tsohon gwangwanin madarar nan da ya loɓa a gefe. Ina zan samo loɓawar Umma a ƙasar mutane? Na gwada da gwangwanin wake, kwaɓin ya yi tauri. Na gwada da kofin shayi, ya tsinke kamar ruwan wanki.

Shekaranjiya na zuba a kasko, na ce bari in karanta shafi ɗaya kawai kafin ya soyu. Ban farga ba sai da na'urar hayaƙin da ke silin ta fasa ihu. Wata tela da ke zaune a ƙasan benenmu ta hauro da gudu, abin awo rataye a wuyanta. Ta dubi kaskon, ta dubi littafin, ta ƙwace shi ta ɗora saman firij. Da hannu ta yi mini bayani: in rage wuta, in bar kwaɓin ya huta, kada in juya sai samansa ya buɗe ƙananan idanu. Kunya ta hana ni ko godiya ta kirki.

Yanzu ba ya ƙonewa, amma ba na Umma ba ne. Hannuna ya gaji, bayana ya gaji, har ƙaryar ma ta gaji da ni. Saura kwana uku.

Allah ya huce gajiya.

Malama Shiru-shiru


Ranar Asabar, bayan la'asar

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kin samu kin ci wani abu a wurin aiki, ba shayi kaɗai ba.

Ɗazu na sake kiran Umma, na ce ta auna mini loɓawar da cokali. Sai ta yi dariya ta ce, “Wane gwangwani? Ai yayarki ta yi awon gaba da shi tun ranar tafiyarta. Shekara biyar da ido nake aunawa, ke dai ba ki shiga kicin balle ki lura.”

Ki yafe mini, na shiga ɗakinki. Yana nan a bakin taga, cike da fil da ribom. Kullum ina ganinsa idan ina shara, ban taɓa juya shi ba. Loɓawar bango take kallo.

Na zauna a bakin gadonki na daɗe. Ke da kullum kike cewa kewar gida aikin marasa aikin yi ne, ashe gwangwani kika ɗauko kika tsallake teku da shi. Sai kuma wani tunanin ya zo mini. Kin san ba a yin fankek ɗin Umma sai da shi, kuma wata bakwai yana ɗakinki ban taɓa tambaya ba. Ke nan duk fulawar da nake barbaɗawa a zani, kina kallona ne kawai? Kuma kike cinyewa, har ki ce a ƙaro?

Na wanke shi na auna. Na bar kwaɓin ya huta, littafin ma na bar shi saman firij. Guda biyar na soya. Ɗaya ya yage, biyu sun karkace, babu wanda sai na gutsure wa gefe. Amma Yaya, ƙamshin! Tsayawa na yi da cokali a hannu ina jiran in ji Umma ta ce a tashi a wanke baki.

Ban sani ba ko za ki yi faɗa, ko za ki tsokane ni har shekara ta zagayo. Ko wanne ne na yarda, in dai kujerarki ba za ta zauna babu kowa ranar Lahadi ba. Na rufe miki biyu mafi kyau a faranti. Wasiƙun nan uku zan ajiye su a gefensa, in danne da gwangwanin, yadda kina shigowa su za ki fara gani. Ni kuma ina ɗaki, ƙofa a buɗe.

Fil ɗinki da ribom suna cikin kofin shayi.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta