Na zaɓi mai nauyin

Laraba da dare, Gure

Har yanzu tafin hannuna yana zugi, amma murna ta hana ni barci. Yau aka ba ni bindigata ta hannu, wata biyu da fara aikin tsaron gandun daji.

Ajidan Musa, shugabanmu, ya ajiye guda biyu a kan tebur. Ɗaya 'yar ƙarama ce, marar nauyi. Ɗayar mai harsashi milimita tara ce, irin wadda mazan cikinmu suke ɗaurawa a ƙugu. Ya tura mini ƙaramar, ya ce, "Hadiza, wannan ce daidai hannunki."

Na ce, "Ajidan, a bar ni in gwada duka biyun."

Muka fita filin harbi bayan gari. Ƙaramar ta yi ta zille mini, harbi biyar, ɗaya kawai na samu. Babbar kuwa ta zauna a hannuna daram. Huɗu cikin biyar! Ajidan ya cire hula ya sosa kai, ya ce, "To, ita ta zaɓe ki."

Gobe zan ɗaura ta a ƙugu mu tafi sintiri wajen Kelle, inda ake sare mana itatuwa. Na gwada ɗamarar a gaban madubi ya fi sau uku.

Bayan magariba na kira Baba, ina ta zuba masa labarin bindigar. Da na gama, ya ce, "Madalla, 'yata. Allah ya sa har ki gama aikinki ba ki nuna ta ga ɗan kowa ba."

Na ce amin.