Ni na hana Umma motsa jiki, Yaya ake tsine wa

Assalamu alaikum. Don Allah a ɓoye sunana, kuma masu zagi ku karanta har ƙarshe tukuna, don ba abin da za ku faɗa min da ban faɗa wa kaina ba.

Ni ma'aikaciyar gwamnati ce, a unguwar Abakpa nake zaune da mahaifiyarmu tun da aurena ya mutu. Ƙiba da ciwon suga sun sa Umma a gaba, ko tsakar gida ba ta ƙetarewa sai ta huta. Babban wanmu, Yaya, shi ya dage aka yi mata tiyatar rage ciki. Ya kai ta, ya biya, ya sha addu'a, ya koma wurin aikinsa a Abuja. Jinya kuwa ta wa? Ta bazawarar gida mana, ai ita ba ta da abin yi.

Likitan ba ya jin Hausa, Umma ba ta jin Turanci, ni ce tafinta. Da ciwon ya warke ya ce min ƙiba za ta zube da sauri, amma in ba ta motsa jiki har naman jikin da ke ɗaukar ta zai zube tare. Ya nuna min yadda za ta riƙa tashi daga kujera tana zama, ta ɗaga gorar ruwa, ta ja wata roba, ta kuma ci ƙwai da kifi ko kaɗan ne. Wallahi na fara da gaskiya. In dawo daga ofis a gajiye in riƙe ta, tana mita tana cewa na mai da ita 'yar firamare. Ana haka wata rana Goggo, ƙanwar babanmu, ta zo dubiya daga Unguwar Sarki ta same mu. Ta tafa hannu ta ce, "Yau na ga abin da ya ishe ni. Matar da aka farke wa ciki kike sa wa ɗaukar kaya? In kin gaji da jinya ki faɗa, muna da 'ya'ya." Kafin la'asar zancen ya zaga dangi, har masu ko ruwa ba su taɓa miƙa mata ba suna kira suna min wa'azin haƙƙin uwa.

Zuciya ta ɗebe ni. Na jefa robar bayan kwaba, na ce wa Umma likita ya ce ya isa haka, ta kwanta ta huta. Ta ce, "Ka ji likitan kirki." Na koma dama mata kunu, ita ta ji daɗi, dangi suka ji daɗi, ni ma na samu bayana ya huta, ba zan ɓoye ba. In mun koma asibiti likitan ya tambaya ko tana motsa jikin, sai in juya in tambaye ta ko ta yi barci lafiya, ta gyaɗa kai, in ce masa ta ce tana yi.

Yanzu Umma ta rame, amma ba irin ramar da aka yi fata ba. Hannunta ya zama fata tana lilo, buta cike sai ta sa hannu biyu. Abin da ya fi cin ranta salla. Da ƙibarta da komai tana kai goshinta ƙasa, yanzu in ta yi sujada ba ta iya tasowa, a kujera take yi. Kuma duk ta ɗora wa Yaya. Ta ce shi ya kai ta aka yanke mata ƙarfi don yana jin kunyar girman jikinta. Ta daina ɗaga wayarsa, in an ambaci sunansa sai ta kau da kai. Goggon nan dai ita ke kan gaba wajen cewa 'yan boko ba su da tausayi. Ni kuwa ni ce 'yar albarka. Kun san yadda albarkar da ba ka cancanta ba take da ɗaci a baki?

Makon jiya Yaya ya zo. Mutum mai furfura ya durƙusa a gaban gadonta yana cewa, "Umma, ki yafe min, alheri na nufa." Ta juya wa bango fuska ta ce, "Je ka, Allah na gani." Da na raka shi mota idonsa ya yi ja, ya ce, "Ke dai Allah Ya biya ki, ba don ke ba da ban san halin da za ta shiga ba." Na ce amin. Da bakina na ce amin.

Ina jin haushin danginmu har yau, ba zan yi ƙarya ba. Sun bar min ita ni kaɗai, sannan suka zo suna koya min jinya. Amma ba Goggo ce ta yi ƙarya a gaban likita ba, ni ce. Na ji an ce ƙarfin yana iya dawowa in aka koma motsa jiki, to ta yaya zan ce mata ta tashi ta fara, bayan ni na ce likita ya hana? In na faɗi gaskiya, fushin da take yi da shi kaina zai dawo, kuma ni ce a gidan, ba ni da Abujar gudu. In na yi shiru, tana ƙara narkewa, shi kuma yana yawo da fushin uwa a kan abin da bai yi ba.

Jiya Yaya ya kira ya ce ranar komawa asibiti da shi za a je, yana so ya tambayi likitan da bakinsa abin da ya lalace. Don Allah, me zan yi?