Gudumata Ta Clifford Ce

Ni Wilfred Duxbury, da hannuna nake rubuta wannan, kuma hankalina ras yake, ko me likita zai gaya muku. Kunnuwana ne suka mutu, ba kaina ba. Rubutun ba kyau, ku karanta shi haka. Tun ban iya ɗaure takalmi sosai ba aka cire ni daga makaranta aka kai ni masaƙa. Da ku nake, Clifford da Edna.

Na ɗaya. Gidan nan naku ne ku biyu, ku zauna ko ku sayar. Kujerar marigayiya uwarku Hilda dai ta Edna ce, kuma kada a sake mata yadi.

A masaƙar nan na ga uwarku da fari. Da yaƙi ya zo aka kwashe injinan saƙa, wani soja mai gashin baki ya tara mu ya ce duk wanda ya faɗi abin da za a ƙera a nan, kurkuku ce makomarsa. Bai san matan masaƙa da ido suke jin magana ba, ƙarar aiki ta koya musu karanta leɓe. Yana can ƙarshen fili yana yi wa manaja raɗa, Hilda ta zungure ni. Ta ce, “Wilf, wai injin jirgin sama za mu yi marar farfela. Anya mutumin nan bai sha ba?” Kafin a tashi shan shayi duk matan sun sani, kuma har aka gama yaƙin ba wadda ta fitar da zancen waje.

Na biyu. Ganyen ƙarfen da ke kan murhu na Edna ne. Ganye muke kiran ƙananan fukafukan nan da ke juyawa cikin wutar injin, kuma goge su ne aikina har na tsufa. Wannan an dawo mini da shi ne wai yana da tabo. Har yau ban ga tabon ba.

Da kun ji kukan injin farko a rumfar gwaji. Tagogin coci sai da suka kaɗa. Seth manomi ya tare ni a hanya ya ce, “Duxbury, wace dabba kuke yankawa a ciki? Shanuna sun hana nono.” Na ce masa famfo ne muke gwadawa. Ya ce, “Famfon gidanku.” A rumfar nan na bar kunnuwana, kuma ban yi da-na-sani ba. Manyan ofis masu ɗaurin wuya ne suka kwashe lambobin yabo, mu aka ba mu shayi da burodi. Amma zamani ne mai daɗi, kowa ya san amfaninsa.

Na uku. Tattabaruna ku ba duk wanda zai kula da su, ban da Horace maƙwabcina, wanda ya ce a gaban mutane wai kaji nake kiwo. Kada kuma ya taɓa akwatin gawata.

Na huɗu, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami. Gudumata ta Clifford ce.

Kun san al'adarmu. Ranar da mutum zai yi ritaya, yana tafiya zuwa ƙofa, kowa a sashen zai ɗauki guduma ya yi ta dukan teburin ƙarfe har ya fita. Na yi wa mutane da yawa, har da waɗanda ba na gaisuwa da su. Ranar tawa, Clifford, kai ne shugaban sashen, kuma manyan baƙi sun zo daga Landan. Ka zo ka tsaya a gabana don in ga bakinka, ka ce, “Baba, yau ba za a buga ba. Ai ko an buga ba ji za ka yi ba.” Na ɗauki rigata na fita, mutane na kallon ƙasa. Ɗana, ta tafin ƙafa nake jin guduma. Daɓen ne yake rawa. Kai da aka haifa a garin nan ya kamata ka sani.

Ban ce na manta ba, don ban manta ba. Ga dai yadda za ka gyara. Ranar jana'izata a bi da ni ta ƙofar masana'antar, a sauke akwatin a ƙasa, ba a kan mota ba. Ka fito da mutanenka, kai za ka fara bugawa da gudumata, ko wane ne ya zo daga Landan.

Na biyar. Edna, tun ranar nan ba ki yi wa yayanki magana ba, kina tsallaka titi idan kin hango shi. Na ji daɗin haka da farko, ba zan ɓoye ba. Amma fushin nawa ne, ba naki ba, kuma da shi za a binne ni. Idan ya buga, ki je ki tsaya kusa da shi, daga makabarta kuma a gidanki zai ci abinci, shi da iyalinsa. Idan ya ƙi bugawa, duk da haka ki kira shi. Ku biyu kaɗai kuka rage mini bayan Hilda.

Allah ya yi muku albarka, ku da 'ya'yanku, ya haɗa kanku bayan raina. Clifford, ka buga da ƙarfi. Katakon akwatin nan yana da kauri.

Ubanku,
Wilfred Duxbury