Ciwon Kai Na Kawo Muku, Kuka Laƙa Mini Cikin Shege

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Asibitin Garinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, Alhaji, ni bazawara ce, da keken ɗinki nake riƙon marayuna. Ga abin da asibitinka ya yi mini.

Na farko. Tun daminar bara nake zarya wurinku da ciwon kai, can bayan idanu, kamar ana kafa mini ƙusa. Al'adata ta ɗauke, nonona yana ɗigar da ruwa alhali na yaye autana tuntuni. Kullum farasitamol ake miƙo mini, ko fuskata ba a kallo.

Na biyu. Ranar da na cire kunya na faɗa wa wata ma'aikaciyar jinyarku komai, sai ta fito baranda, gaban mata masu awon ciki, tana shewa, wai irin wannan ciwon kan wata tara yake yi ya warke. Ko fitsarina ba ta auna ba. Tir da wannan hali! Ranar kasuwar Yankara maganar ta kai Ruwan Godiya, wurin dangin mijina. Suka zo suka kwashe 'ya'yana. Masu kawo mini ɗinki suka ɗauke ƙafa.

Na uku. Sai da na fara karo da ƙyauren ɗakina, don na daina ganin gefe, sannan yayana ya kai ni babban asibiti a birni. Hoton kai ya nuna ƙari ne ya fito a wata 'yar tsoka da ke ƙasan ƙwaƙwalwa, wadda ke sarrafa al'ada da ruwan nono, har ya danne jijiyar ido. Da magani ciwon ya lafa, amma likita ya ce idona na hagu da wuya ya koma daidai, saboda an makara.

Ba na neman a kori kowa. Ina roƙo a riƙa auna mace kafin a yanke mata hukunci, abin da ya fi ƙarfinku kuma ku tura gaba da wuri. Sannan ita wannan ma'aikaciyar jinya ta je da ƙafarta ta wanke ni. Na kai wa surukaina takardar likita, sun ce bakin da ya faɗa shi zai janye. Har yau 'ya'yana suna can.

Allah Ya taya ka riƙo, Ya tsare matan gidanka daga irin wannan tozarci.

Wassalam.

Taka,
Mai ɗinkin bakin kasuwa.