Barewar da Ta Tsaya wa Duane

Dodgeville, 23 ga Nuwamba

Zuwa ga uwargidana Marlys,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Yaya jikin 'yarmu Renee, yaya sabon jikanmu? Ki raɗa masa a kunne cewa kakansa ya zama mutum.

Marlys, shekara goma sha tara ina fita farauta ina dawowa da mura. To jiya na harbo namijin barewa mai ƙaho reshe goma! Ko gudu bai yi ba. Ya tsaya, kai a sunkuye, kamar ya san wanda ya zo. Maƙwabcinmu Verlyn ya zagaya shi sau biyu ya ce, "Duane, ƙahon dai na babba ne, amma haƙarƙarin nan ana iya ƙirga shi daga titi." Hassada ce kawai.

Na kai kan barewar wurin ma'aikatan daji su gwada ko akwai cuta, tunda kin sa na yi alkawari. Naman yana firiza.

Mijinki maharbi,
Duane

4 ga Disamba

Marlys tawa,

Ina gaisuwa, ina kewarki. Allah ya sa duk kuna lafiya.

Sakamako ya fito. Yana da cutar nan mai cin ƙwaƙwalwar barewa, ta ramar da ita har ta mutu. Ma'aikaciyar ta ce ba magani, dahuwa ma ba ta kashe ta, kada mu ci. Na tambaye ta zancen tsayuwar da ya yi. Ta ce, "Baba, ko mota ce ta zo, haka zai tsaya."

Kwantar da hankalinki, ban ɗanɗana ba. Verlyn ya taya ni kai naman wurin zubarwa, yana cewa, "Ashe ba farauta ka je ba, dubiya ka je." Amma a hanyar dawowa abin ya fara damunsa. Dajin da na yi harbin na bayan gidansa ne, daga nan yake ciyar da jikokinsa. Gobe zai kai nasa naman gwaji, zan raka shi.

Saura magana ɗaya. Tun kafin sakamako na gayyaci mazan coci su arba'in cin naman barewa ran Lahadi. Na sayo naman shanu. Don Allah ki bugo waya ki koya min miyar nan taki mai albasa. Zan faɗa musu gaskiya, amma sai sun ƙoshi.

Ki gaida Renee.

Mijinki,
Duane