Ka Mayar Musu da Goronsu

Aziziya, Riyad

Ɗana Yakuba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, kai da Zuwaira da yara. Ni ma lafiya lau, sai dai bayana da ke ɗan motsawa idan na sauke kwandunan tumatir. Kada innarka ta ji.

Na samu labarin cin zarafin da mai horar da 'yan ƙwallon kwaleji ya yi wa yara, da yadda ɗanka, abokina Rabilu, ya gaya wa uwarsa. Na yi kuka, amma farin cikina ya fi, da jikana bai haɗiye maganar ba.

Ka ce shugabannin makarantar sun zo gida da goro, wai a rufa asiri sai an gama gasa, alhali mutumin yana nan cikin yara. Ina so ka mayar musu da goronsu, ka kai ƙara gaban hukuma. Kunyar ba tamu ba ce.

Na saya wa Rabilu takalman ƙwallo, Alhaji Saidu da zai dawo gida shi zai kawo. Ko sun cire shi daga ƙungiyar, ya sa su ya buga a ƙofar gida, kowa yana gani.

Allah ya tsare mini ku.

Mahaifinka,
Talha